Yadda Za Ka Kai Ranar Suna Ba Wanda Ya San Abin da Ka Ɗaure

Kai da aka yi wa haihuwa, suna saura kwana shida, turkenka kuwa babu komai sai igiya, share gumin goshinka ka saurare ni. Ni ne Khalilu, daga wani ƙauye a gefen Tsanyawa, kuma na zo maka da hanyar da babu faɗuwa a cikinta. Ka bi matakan nan daki-daki. Na ba ka tabbaci, har safiyar suna babu mahalukin da zai iya rantsuwa a kan abin da ke bayan ɗakinka.

Ba ni na ƙago ta ba. Ƙanwata Aina'u ce ke wuni a ɗakin Inna da kwamfuta a cinya, tana gyaran wata manhaja da suke kira kamfaila. A yadda ta yi mini bayani, duk abin da masu rubuta manhaja suka rubuta, sai kamfaila ta bi shi ta duba kafin kwamfuta ta yi aiki da shi. A cikinta akwai wani sashe, mai tantance hali, wanda tambayarsa ɗaya ce kullum: wannan abu zai iya abin da aka ce zai iya? Sannan akwai abin da suke kira rufaffen nau'i. Wato ka ce, "Zan kawo wani abu mai hali kaza da kaza, amma ba zan faɗi ko mene ne ba." Kuma mai tantancewar ya yarda! Ina jin haka na ce, "Aina'u, wallahi don ni aka ƙirƙiro wannan ilimi."

Dalili kuwa, ragon da na tanada na sayar da shi da saukar ruwan farko na sayi takin zamani, ina ganin haihuwar matata Kaltume da sauran wata guda. Jaririn bai yi shawara da ni ba. Ga kuma surukina Malam Usaini, dattijon da ban taɓa iya haɗa ido da shi ba, zai zo da mutanensa.

Mataki na ɗaya: Ka samo abin da za ka rufe

Kada ka yi wautar rufe wayam. Aina'u ta ce in ka ce akwai rufaffen abu alhali babu komai a bayansa, nan take mai tantancewa zai kama ka. Dole a sami wani abu na gaske.

Ni na je kasuwar Tsanyawa, na zaga wajen raguna, na shafa bayan guda uku, na tambayi farashi, na yi musu fatan alheri. Na dawo gida da farin zomo a cikin buhu. Na sa shi a akurki bayan rumbu, na kewaye wurin da zana har biyu.

Mataki na biyu: Ka faɗi hali, kada ka faɗi suna

Nan ne gwanintar take. Kada ka yi ƙarya ko ta ƙwayar gero, domin duk halin da ka ambata za a bincika. Ka zaɓi gaskiyar da ta yi maka daidai kawai.

Da Malam Usaini ya zo barka, na durƙusa a zaure na gaishe shi. Ya ce, "Khalilu, an dai tanadi abin yanka ko?"

Na ce, "An tanada, Baba. Mai ƙafa huɗu ne, fari ƙal, yana cin harawa, kuma halal ne."

Ya gyaɗa kai. "Madalla. Ƙahonsa ya fito sosai?"

Ka lura, ƙaho ba ya cikin abin da na yi alkawari. A ƙa'idar Aina'u, na waje ba shi da ikon tambayar halin da ba a lissafa masa ba. Sai dai ba a karanta wa suruki ƙa'ida. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "Baba, kunnuwansa dai masha Allah."

Mataki na uku: Ka haɗa bakin mutanen gida

Na waje hali kawai yake gani, amma na cikin gida su ne ke tabbatar da ko mene ne abin, kuma dole su tsaya a kan abu guda. In wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, kamfaila ba ta sasanci, watsi take yi da aikin gaba ɗaya.

A gidanmu an sami matsala. Inna ta faɗa wa 'yan barka rago ne, don ba ta san an sayar ba. Kaltume ta san an sayar, sai ta kyautata mini zato ta ce wa yayarta akuya ce. Ni kuma ga abin da na sani. Aina'u ta ɗago kai daga kwamfuta ta ce, "Yaya, dabba uku ke nan a turke ɗaya. Da a wurin aikina ne, da tuni allo ya yi ja."

Na tara su na ce daga yau amsar kowa ita ce "mai ƙafa huɗu". Inna ta ce ita ba ta haifi ɗan da zai koya mata ƙirga ƙafar rago ba. Ka yi haƙuri da irin wannan. Masana sun tabbatar uwa ita ce sashen da ya fi wuyar saitawa.

Mataki na huɗu: Ka toshe abin da ke yoyo

Akwai halayen da ke tsallake zana ko ba ka ambace su ba. Aina'u ta ce haka abin yake har a kamfaila: na waje ba ya ganin abin, amma wasu halayensa suna ɓullowa da kansu.

Ni maƙwabcina Muhammadu Sani ne ya fara shinshinowa. Ya tare ni ina shiga gida da harawa cikin tafin hannu ɗaya. Ya ce, "Malam Khalilu, wannan dabba taka azumi take yi? Kuma kwana uku ban ji ta ce uffan ba."

Na ce mai natsuwa ce. Amma na ɗauki darasi. Na sa aka tura mini kukan rago a waya, na riƙa laɓewa bayan rumbu bayan la'asar ina saki sau uku-uku. Shawarata gare ka: ka cire layinka tukuna. Nawa ragon yana tsakiyar kuka ya koma waƙar kira, Muhammadu Sani kuwa daga bayan danga ya ce, "Ɗauka mana, ƙila mahauci ne."

Mataki na biyar: In an matsa maka, ka shiga kewaye

Ana gobe suna Malam Usaini ya kira ni a waya, yana son sanin mutum nawa zai gayyato. Ya ce, "Ya danganta da girman abin da ka ɗaure."

Na ce, "Baba, girmansa ai ya danganta da yawan masu ci."

"To su nawa zai isa?"

"Duk waɗanda ya isa, Baba."

Aina'u ta ce in tambaya ta zagayo ta dawo kan kanta haka, mai tantancewa tsayawa yake yi ya ce ya gaza. Mu a nan ba mu da wannan rauni. Mun yi ta zagayawa har katinsa ya ƙare.

Mataki na shida: Safiyar suna

Wannan matakin Aina'u ta rantse ta faɗa mini, ni dai ban ji ba. Ashe rufin na lokacin dubawa ne kawai. In an zo mayar da rubutu aiki, kamfaila da kanta take yaye zanar, don ba a aiki da hali sai da abin kansa.

An yi addu'a, an raba goro, an raɗa wa yaro suna Muhammad Auwal. Mahauci yana wasa wuƙa, ga ƙarti biyu da igiya. Malam Usaini ya ce su dakata, shi zai fara gani. Muka zaga bayan rumbu mu biyu. Zomo ya dube shi yana motsa hanci.

Malam Usaini ya nuna akurkin. "Shi ne wannan?"

"Shi ne, Baba. Duk abin da na faɗa yana da shi."

"Na ga kunnuwan," in ji shi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, har na fi son ya zage ni. Sai ya ce, "Koma ka ce musu dabbar tana gardama. Ka ƙara musu goro."

Ya fita ta ɓarakar danga, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, ya bi ta gonaki zuwa unguwarsu. Bayan kusan awa guda ya dawo ta hanyar da ya bi, babbar rigarsa sharkaf da raɓa, yana jan ragon da ya yi wata takwas yana kiwo don layya. Ya miƙa mini igiyar ya ce, "Kai za ka fita da shi."

Na fita da shi. Zaure ya ɗauka, "Masha Allah, Khalilu ya yi ƙoƙari!" Muhammadu Sani ya dubi ragon, ya dubi rigar dattijon, ya koma kan goronsa ya ci gaba da tauna.

Sanarwa

Ni Khalilu babu hannuna a duk abin da ya same ka in ka bi waɗannan matakai. Aina'u ma ta ce a cire sunanta, na ƙi. Ban ɗauki alhakin zagi ba, ko yajin mata, ko dariyar maƙwabta. Alkawarina har safiyar suna ne, kuma na cika. Abin da ya biyo baya ya danganta da irin surukin da Allah Ya ba ka, wannan kuwa ba a koyar da shi a mataki.

Kuma kada ka zo ka tambaye ni yadda ake zama a zauren Malam Usaini ranar Babbar Sallah, don ban da dabara a nan. Na zauna a gefen tabarma, kaina a ƙasa, babu ƙamshin suya ko kaɗan a gidan, karo na farko a shekara talatin. Duk baƙon da ya tambaye shi ina ragon layya, sai ya ce, "Na bana ai na riga na yanka," ya tura masa farantin goro.