Muryar Kalibu a Cikin Zobe

"...da gajiyar zama kuma, maigida? Ashe kana nan inda na aje ka makon jiya?"

"Ina nan, amarya. Tuwo nike jira, sai ga ki da jikkar wayoyi kamar mai gyaran rediyo."

Hadassa ta sallami ɗan kabu-kabun da ya kawo ta daga Maraɗi, ta zauna bakin tabarmar kakanta Kalibu a gindin bishiyar bedi. Tsohon nan shi ke ja wa mutane waƙa a ƙaramar majami'arsu ta Tibiri tun kafin a haifi ubanta Yo'el, kuma yawancin waƙoƙin shi ya tsara su, babu wadda aka rubuta. Jibi za a yi masa aiki a maƙogwaro. Likita ya ce magana za ta dawo, amma waƙa bai yi alkawari ba.

Shi ya sa Hadassa, da ta karanci aikin kwamfuta, ta ƙudura sai ta naɗe muryar kafin jibi. Kowace waya na da abin ɗaukar murya, amma yarinyar jinin Kalibu ce, aikin wani ba ya cika mata ido, sai ta rubuta tata manhajar. Makon jiya suka gwada. Da ta kunna masa, sai muryar ta riƙa yankewa ƙat, ƙat, a tsakiyar kalma. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce yunwa yake ji. Tun ranar bai sake buɗe baki da waƙa ba, ko da ranar Lahadi a majami'a, abin da ya hana Hadassa sukuni.

"Tashi zaune, angona, waƙa za ka yi mini."

"Na daina yi wa mata waƙa kyauta. Ke da ko ruwa ba ki iya kawo ma miji ba?"

"Mijin da haƙoranshi suka riga shi yin ritaya? Ka gode Allah da na zauna da kai."

"Zawarawa na nan layi, daga nan har Jiratawa."

"Su zo su kwashe ka, har da tabarmar na bar musu. Kaka, na gyara abin nan."

Kalibu ya ɗauke kai yana kallon kaji.

"Mi kika gyara? Ana gyara maƙogwaron mutum cikin wayar portabul?"

Hadassa ta ƙura masa ido. Sai yanzu ta gane: tsohon ya ɗauka yankewar nan daga wuyansa ta fito, cewa ciwon ya riga ya cinye muryar, shi kaɗai ne bai ji ba. Tausayi ya kama ta, amma ta san in ta nuna, kore ta zai yi.

"Kai, ji tsoho da son a san shi! Har tarin na'ura sai ka ce naka ne? Laifin manhajata ne."

"Ƙarya kike, lallashi ne. Haka uwarki ke ce mini na yi ƙiba."

"In na nuna maka da idonka hwa?"

Ai kuwa sai ya juyo. Kalibu mutum ne da ba a gitta masa abin da bai gane ba ya bari ya wuce. Ya taɓa kwance agogon bango don ya ga mai buga ƙararrawar.

"Hwaɗi in ji. Wa ke tari cikin wayar?"

"Ma'aikata biyu ke ciki. Guda na tarbe murya daga bakin makirho, ɗayan na kai ta ma'ajiya. Da, kwano guda na ba su, mai kwaɗo. Duk wanda zai taɓa kwanon sai ya kulle, ya gama, ya buɗe."

"Kamar ke da tukunyar nama."

"Kamar kai da gwangwanin sukari. To in mai ajiya ya kulle yana nawa, mai tarbe sai ya tsaya jira. Murya kuwa tana jira?"

Tsoho ya girgiza kai.

"Ba ta jira. In ta hita ta hita."

"Abin da ya hita lokacin da yake tsaye, ƙasa ya zube. Shi ne ƙat ɗin da ka ji."

"To sai ki kori malalacin."

"Ba malalaci ba ne, hanyarshi ce da nisa. Kwaɗon na jefar."

"Kwano ba kwaɗo, ma'aikata biyu? Ai sai dambe. A makarantar lakkwal ɗin aka koya miki wanga shirme?"

Hadassa ta tuɓe takalmi ta durƙusa a rairayi, ta haƙa ƙananan ramuka irin na dara, amma a kewaye, kamar zobe. Ta jawo kwanon gyaɗar da ke gefensa, ta ba shi tsakuwa, ita ta ɗauki murfin bik ɗin da take rubutu da shi.

"Kai ne mai tarbe, gyaɗa ita ce murya. Ka sa gyaɗa a rami, ka matsa tsakuwarka gaba. Ni ina biye da kai ina kwashewa, ina matsa murhina. In ka kai ƙarshe..."

"Ina ƙarshen yake? Abu kewaye?"

"Ashe akwai saura a kan nan. Ka zagayo, ka tarar na share maka ramukan. Doka guda: tsakuwa taka ce, murhi nawa ne. Ka duba nawa da ido, kar ka taɓa."

"Yo ni da gidana a hana ni taɓa murhin bik?"

Suka fara. Tsoho na jefa gyaɗa yana matsa tsakuwa, jika na biye tana tsincewa. Ba wanda ya ce wa wani dakata. Can mugunta ta motsa masa, ya tura tsakuwar gaba tun bai saka komai ba. Hadassa ta kai hannu ta damƙo rairayi.

"Ka gani? Ka ce mini akwai, na ɗebo ƙasa. Da cikin waya ne, ƙara za a ji kamar an taka busasshen kara. Gyaɗa tukuna, sannan tsakuwa."

"Gwada ki nike."

"Da ma kai ɗan Gobir, ba ka taɓa kuskure, sai gwaji."

Ya yi dariya, dariyar ta zame tari, ya share ido ya koma kan ramukan. Yanzu kam wasan ya kama shi. Ya ƙara sauri, ita kuma ta naɗe hannu da gangan. Ya zagayo, ya zagayo, sai ga tsakuwarsa a bayan murfin bik, ramukan duk cike.

"Ahaf! Na kamo ki. Yanzu hwa? In jira?"

"Ba ka jira, aikinka bai yarda ba."

"In zuba bisa ta da?"

"A'a, ban kwashe ba, kuma ba ka da ikon ture murhina. Ta hannunka za ka yar."

Kalibu ya jefa gyaɗar a baki, ya tsare ta da ido.

"To ga ƙat ɗinki ya dawo, malama."

"Shi ya sa na yi zoben da hwaɗi. Cikin wayar ramuka ne jingim. Ko mai ajiya ya tsaya gaisuwa irin taka, ya tambayi mata da yara da awaki, zai dawo kahin ka zagayo."

"Kuma ba wanda ke riƙe hannun wani."

"Ba wanda ke riƙe hannun wani."

Ya daɗe yana duban zoben nan, yana bin sa da ɗan yatsa. Hadassa ta ga alamar ya gamsu da lissafin, saura tsoro. Ta haɗa makirho da wayar, ta kafa shi a bakin turmi kusa da shi.

"Guda zan yi," in ji shi, "don kar a ce na hana iyali. In ta yanke, ki kwashe tarkacenki ki tahi gidan ubanki."

Ya gyara zama, ya rufe ido, ya ɗauko waƙar godiyar kaka, wadda ake yi ran da aka kawo dammunan hatsi majami'a. Muryar ta dushe, ba ta kai inda take kaiwa da, amma tasa ce. Maƙwabciya da ke daka a bayan danga ta tsai da taɓarya. Hadassa ta kafa ido a kan wayar, tana roƙon Allah kar aikinta ya kunyata ta.

Da ya dire, ta kunna. Baiti ya bi baiti sumul, babu ƙat ko ɗaya. Fuskar tsoho ta fara sakewa. Sai can wajen ƙarshe, inda waƙar ke hawa sama, muryar ta karye, ta yi rawa, sannan ta kama hanya.

Hadassa ta yi wuf ta kai hannu.

"Af, wannan... ina jin zoben ne ya cika. Bari in goge wurin."

Kalibu ya dafe mata hannu.

"Ke, amarya. Yanzu kika gama koya mini. In na'ura ta yar, shiru ake ji, a yanke. Wanga ba shiru ba ne, ana jin mutum cikinshi yana kokawa. Nawa ne."

Ta janye yatsanta daga kan wayar.

"Kin so ki yi ma mijinki ƙarya da ilimin da kika ba shi da hannunki? Bar shi nan. Jikokinki su ji inda tsoho ya yi tuntuɓe bai hwaɗi ba."

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, ta goge da gefen gyale.

"Na bi, maigida. Ka ci."

"Da ma. Kin ga zakaran can ja? Ki sa a kama miki, ladan aiki ne, ba sadaki ba." Ya jawo turmin kusa da bakinsa, ya gyara murya. "Danna. Akwai na biki, akwai na jana'iza, jibi kuma ba nisa."