Sanarwar Rasuwar Goyon Malam, Kujerar Hawa Bishiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya ƙi bushewa, iyalan Malam Abdul-Jalil Ningi na hawa na tara a dogon benen Thamesmead, nan Ingila, ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kujerarsa ta farauta, wadda aka fi sani da Goyon Malam. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a hannunsa.

Ga wanda bai san marigayiya ba, kujerar ƙarfe ce mai ɓangare biyu: mazauni a sama, matakin ƙafa a ƙasa. Kowanne yana da waya mai kauri da ake zagaya wa bishiya, da haƙora masu cizon ɓawo. Mutum zai zauna ya ɗago matakin da ƙafafunsa, sannan ya miƙe ya ɗaga mazaunin, a haka a haka har ya kai inda barewa ba ta jin ƙanshinsa. Duk ɗagawa ɗaya takan ce "ƙyas", a hankali, kamar mai gudun tada maƙwabta. Iyakar maganarta ke nan a duniya.

Matan unguwa ne suka raɗa mata suna, ganin yadda Malam ke saukowa da ita a baya ranar Asabar bayan sallar asuba. Uwargidansa Hansai ta naɗe igiyoyin kafaɗar da tsohon majanyin da ta goyi 'ya'yanta da shi, shi kuma ya sa wa kowane ƙarfe tsohuwar safa don kada su yi ƙara a hanya. Tun daga inda yake ajiye mota a wata gona a Kent, inda mai gonar ya ba shi izini, har cikin kurmi, tafiyar rabin awa ce, ba ta taɓa zame masa ba.

Marigayiya mai tsantseni ce. Ba ta hawa karkatacciyar bishiya, ba ta hawa mai rassa a ƙasa. A gindin bishiya sai an ɗan ɗaga bakinta sama, don ta san itace yana sirancewa, sai an hau za ta daidaita. Ba ta yarda a hau da bindiga a hannu, sai an zauna an ɗaure ƙirji da bishiya a jawo bindigar da igiya. Barewa bakwai kacal suka samu a shekara goma sha ɗaya, abin da Hansai ba ta gajiya da tuna masa. Amma kowacce da bisimilla aka harbe ta, kuma har Tottenham an ci dambunta.

Ba nama ne ya haɗa su ba. Mahaifin Malam maharbi ne a dajin Ningi, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kwana biyar a mako Malam direban bas ne da fasinjoji ba sa kallon fuskarsa. Rana ɗaya tak, a saman bishiya, yakan koma ɗan maharbi. Nan ne kaɗai a duk ƙasar Ingila yake jin ya yi kama da ubansa.

Ciwon ajali ya same ta a watan Fabrairu. Sun hau lafiya, sun zauna, ba su ga komai ba. Da aka zo sauka Malam ya yunƙura ya ɗago matakin, matakin ya ƙi motsi. Awa biyu suna sama cikin yayyafi kafin mai gona ya zo da tsani. Malam ya dawo gida yana ɗingishi, ya ce kujera ta cije.

An garzaya da ita Deptford wurin Mordecai mai walda, mutumin Kafanchan, amininsa na shekara ashirin. Mordecai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ja wayoyin da dukkan ƙarfinsa, har ya buɗe baki zai ce bai ga komai ba. Sai idonsa ya sauka kan gwiwar Malam, wadda ta kumbura ta cika wando, da takardar asibiti da ke leƙowa daga aljihunsa. Shi ma ya ji labarin cewa an yi booking, an sa wa Malam ranar aikin tiyata a gwiwa, kuma likita ya ce hawa bishiya ya ƙare. Ya yi gyaran murya, ya cire hula, ya tabbatar da cewa rai ya yi halinsa. Allah Ya saka wa Mordecai da alheri.

Ta rasu ta bar igiyar jan bindiga, da belin ɗaure ƙirji, da safa shida marasa 'yan'uwa, da wata miƙaƙƙiyar bishiya a Kent mai ɗauke da tabon haƙoranta. Ta bar Malam, wanda har yanzu yake farkawa da shirin fita kowace Asabar, ya zauna a bakin gado ya rasa abin yi. Masawudu na hawa na uku ya nemi a ba shi ita ya ɗan gwada, an ce masa ba a aron gawa. Ana roƙonsa kada ya sake tambaya. In aka ga kujerar nan a bayan wani tana hawa lafiya lau, to kowa zai san wanda ya ƙare.

Za a fito da ita ranar Asabar bayan azahar, a kai ta wurin da council, wato ƙaramar hukuma, ke karɓar tsoffin ƙarafa. Malam ya ce shi zai goya ta da kansa, kuma ta matakala, kamar yadda suka saba. Kada kowa ya miƙa hannu. Za a riƙa tsayawa a kowane hawa, saboda nauyin mamaciya. In kuma a hanya ta ce "ƙyas" kamar lafiyarta ƙalau, iyalai na roƙon jama'a don girman Allah, babu wanda ya ji.