Pa Dikonge Ya Buɗe wa Kare Makaranta

Duk faɗin birnin Duwala ba a yi gwanin horar da halitta kamar Pa Dikonge ba. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. Ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya, yana tsaron ƙofar da manyan motoci ke fita, kuma a faɗarsa direba komai taurin kansa in ya hango hularsa sai ya taka birki. Gaskiya akwai ƙarfe a gicciye a ƙofar, amma ba ƙarfen muke yabo yau ba. Maƙwabta suna ce masa Darakta, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.

Da wani Bature zai koma ƙasarsu ya rasa mai karɓar tsohon karensa, mai furfura a baki da hazo a ido ɗaya, sai Darakta ya miƙa hannu. Ya lura manyan mutanen unguwar Bonapriso duk da igiyar kare suke yawon yamma. Ya raɗa masa suna Kyaftin.

Sai da damina ta sauka aka gane Kyaftin ba ya shiri da ruwa. Ɗigon farko in ya taɓa rufi, sai karen ya shige ƙarƙashin gado yana karkarwa. In an jawo shi, iyakarsa matakalar bene, nan zai turje ya sauke abin da ya dame shi. Ruwan Duwala kuwa in ya fara, sai ya ga dama yake tsayawa.

Mai gidan da Darakta ke haya, Ma Endale, dattijuwa ce mai sayar da kifi. Ta hau da kanta, hanci a toshe.

"Darakta, ni da ƙarni muka tsufa tare, amma wannan ya fi ƙarfina. Taron adashe mai zuwa a ɗakinka ne. In na zo na ga ko ɗigo a matakalata, kai da sojan ruwan naka ku nemi wani gida."

Darakta ya gyara wuyan riga. "Madam, na ladabtar da ƙarti masu tirela. Abin da dabba ke buƙata tsari ne, tsari kuwa a jinina yake."

Aka buɗe makaranta a kusurwar falo. Ya sayo faffaɗan faranti ya shimfiɗa ciyawar roba a kai. Kullum sai ya wanke ta da sabulu ya fesa turare, domin ɗalibi mai daraja ba ya karatu a ƙazanta. Darasi da Faransanci ake yi, tunda a gidan Bature aka yi renon ɗalibin. Akwai sandar nuni, akwai jawabin buɗewa da na rufewa. Kyaftin yakan saurara da ladabi, ya shinshina ciyawar, ya ga wuri mai tsabta haka bai dace da ɓarna ba, ya kwanta a kai ya yi barci.

Matarsa Sike takan leƙo daga kicin. "Maigida, ɗalibin naka ya kai aji nawa?"

"Yana nazari. Ke ba ki san yadda ilimi ke shiga ba."

Ranar adashe aka wayi gari da ruwa. Darakta ya kulle Kyaftin a ɗaki tun jiya don kada matakala ta tona asiri. 'Yan adashe suka iso sun keto laka har idon sawu, ya tsaya a ƙofa yana sa kowa ya cire takalmi saboda kafet ɗinsa ɗan ƙasar waje. Takalma suka yi layi daga ciki. Aka ci ndole, miyar shuwaka, da miyondo na rogo, sannan Darakta ya miƙe.

"'Yan uwa, yau za ku ga abin da tarbiyya ke yi."

Ya buɗe ɗaki, ya nuna faranti da sanda. Kyaftin ya fito da sauri irin na mai uzuri, ya wuce ciyawar ko kallo bai yi mata ba. A bakin ƙofa ya tsaya cak. Ga ƙamshin titi, ga na bakin kwata inda ya saba tsayawa da rani, duk an kawo masa har gida, kuma babu ɗigo ɗaya da ke faɗo masa a ka. Ya ɗaga ƙafa. Ya bi layin takalma ɗaya bayan ɗaya cikin tsari, ya ƙarasa babban aikin a silifas ɗin Ma Endale.

Darakta bai girgiza ba. "Ku lura, a cikin gida ya yi. Rabin manhaja ke nan."

Ma Endale ta daɗe tana kallon silifas ɗinta. "Matakalata dai ta tsira, ita na ce. Ku ci gaba da zama a gidan. Amma takalmin da zai riƙa yi a ciki, naka ne." Ta zura ƙafa a silifas ɗin wankan Darakta ta sauka.

Tun ranar, kowace safiya ana ganin Darakta a bakin kwata cikin ruwa, yana tattaka laka da takalmin ofis, ya hau bene ya cire ya ajiye a kan faranti da hannu biyu. Horo ya kama sosai. Haushi ɗaya Kyaftin ke yi daga ƙarƙashin gado, kafin na biyu Darakta ya ɗauki lema.