Mangazar Mushe Eshel

Ranar da aka buɗe mangazar hatsin garinmu, Allah ya nuna mana girman Maikuɗi ƙiri-ƙiri: ya maƙale a ƙofa. Kai da kafaɗu suna ciki, sauran martabarsa tana waje, tana fuskantar ajidan ɗin soja da ya zo daga Mayahi duba gini. Mu maƙwabta muka kama ƙafafu, muna ja muna ba shi haƙuri.

Kada wani ya raina mutumin nan. Duk yankin Gidan Amumune babu mai zanen gini da ordinatar, watau kwamfuta, sai shi. Ya yi karatu a Maraɗi, ya dawo da tabarau da tumbi, a shekarar da damina ta ƙi, soja suka karɓi mulki, kowa na ƙara tsuke mazagin wando. Ba ya amsa sunansa sai an sa Mushe a gaba. Wai da faransanci girmamawa ce. Mu dai mun san abin da muke kira mushe, amma tunda shi ya roƙa, ba mu hana shi ba.

Wani porje na masu agaji ne ya yi mana alkawarin hatsi cike da babbar mota, da sharaɗi guda: mu gina mangaza bisa zane, hukuma ta gani ta yarda. In ba haka ba, hatsin ya wuce Urafan. Lokacin kuwa, don yunwa, matanmu ƴaƴan anza na daji suke jiƙawa.

Katanga ɗaya ta raba ni da shi, don haka ni ya zaɓa in ga ilimi da idona. Ya tada gurub mai ba da wuta, ya kunna injinsa.

"Bawa, wanga shi ne gabari," in ji shi. "Uwar takarda ke nan. Sau guda aka shirya ta, kowane zane shi hau bisa. Ga eshel, watau yadda aka matse gini shi shiga takarda. Rubutu ma da nashi eshel. Ba ka ganewa, amma ka shaida."

Na shaida. Yini ya yi yana gyaran akwatin sunansa a kusurwar gabari. Ya ƙara masa girma, ya ja baya ya duba, ya sake ƙarawa. Lambobin awon gini kuwa, ya ce inji ya san aikinsa. Da takarda ta fito, sunansa daga bakin rijiya ana karanta shi. Lambobin kuma kamar kashin ƙuda. Ya miƙa mana, ya hau kabu-kabu sai Tasawa, wai formasiyo, ƙaro ilimi.

Cha'ibu magini ya kasa karanta kashin ƙuda, sai ya ɗora ma'auni bisa zanen, ya bi abin da aka rubuta a ƙasa: ɗaya bisa hamsin. Ashe wannan ragowar zanen makewayin lakwal, makarantar boko, ne da ya kwana cikin gabari. Mangaza a ɗaya bisa ɗari aka matse ta. Komai ya fito rabi.

Da bango ya tsaya a ƙirji, Cha'ibu ya fara gunaguni. Nan fa ni masani na miƙe, ni da aka kora daga lakwal ban gama haruffa ba.

"Ku ƙauyawa ne," na ce. "Eshel ke nan. Ginin zamani duƙawa yake yi."

Kowa ya gyaɗa kai, har liman. Wa zai yarda a ce bai san eshel ba? Muka yi gayya da yunwa a ciki, muka yi rufi muna tsaye a ƙasa ba tsani, muna sa wa Turawa albarka da suka sauƙaƙa aiki.

Mai zane bai dawo ba sai ranar buɗewa. Ya cire tabarau, ya mayar, sannan ya ce shi zai fara shiga. Sauran kun ji.

Da muka zaro shi, ajidan ya zagaya ginin yana leƙa saman rufi ba tare da ɗaga dunduniya ba. Ya tambaya ko na kaji ne. Ba wanda ya yi dariya. Duk muna ganin hatsinmu ya kama hanyar Urafan.

Sai muka ji odar mota. Muka juya muna jiran babbar mota, sai ga wata ƴar akori-kura tana tari, da ƴan buhuna a baya. Direba ya ce iyakar rabonmu ke nan, sauran sai hali ya yi. Muka kwashe, mu ramammu ƙofar ba ta ko taɓa mu ba. Buhuna suka shige tsaf, har da wurin shimfiɗa tabarma. Ajidan ya ce tunda gini ya ɗauki kaya, ya yarda.

Bakina bai iya zama. Na matsa na ce, "Mushe, ashe eshel ya cinye mana rabin mangaza."

Ya kaɗe riga, ya dube ni ta saman tabarau.

"Bawa, ku jahilai alkawali kuka auna. Ni abin da za shi iso na zana. Ko hakanan ma na yi muku yawa."