Miyar da Na Ce a Tafasa

Na sha kunya iri-iri, amma akwai wadda ba zan taɓa iya mantawa da ita ba. Shekara biyu bayan samun 'yancin kai aka turo ni aikin duba-gari wani ƙauye kusa da Tsiga. Ina saurayi, kakina ya sha guga, ina ji kamar ni na ƙirƙiro tsabta.

Ranar walimar auren ƙanen mai gari na leƙa madafa. Na tarar da Iya Tambai, mai girkin bikin, za ta zubar da tukunyar miyar nama da ta kwana a rufe gefen murhu, ga zafin bazara.

"Ɗan nan, hankalina bai kwanta da ita ba," in ji ta.

Na shinshina, babu wari. Na ɗaga murya (don 'yan matan da ke daka su ji): "Iya, a makaranta an koya mana wuta na kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa ta!" Aka tafasa, aka raba wa jama'a; har kwano biyu na ci a gaban kowa.

Bayan la'asar mai gari ya ce in yi wa jama'a jawabi. Ina cikin bayanin wanke hannu sai na ga liman ya tashi da gudu. Sai ango. Sai mata daga cikin gida suna salati. Innalillahi! Ban ƙarasa jimlar ba na kwara amai a kan takalmin mai gari.

A motar auduga aka kwashe mu zuwa Funtua, har da wata yarinya da ta galabaita, uwarta na kuka. Malamin ɗakin shan magani, wani Bayarabe haifaffen garin, ya ji labari ya riƙe baki.

"Ai ƙwayar nan ba kullum take zuba dafi ba," ya ce. "Sai ta ji ɗumi, ga nama, ta hayayyafa, sannan ta fara. Wuta ta kashe ta, amma dafin da ta riga ta zuba ba ya jin tafasa. Wane jahili ne ya ce a ba mutane?"

Ina kwance a tabarma na ɗaga yatsa.

"Kai? Duba-garin?"

Alhamdulillahi kowa ya warke, yarinyar ma. Ni kuwa na gane ƙwayar cuta ta fi ni natsuwa: ita sai ta duba yanayi kafin ta yi ɓarna, ni ko dubawa ban yi ba.