Gwani Ya Shiga Hoto

Duk wanda bai san Gwani ba, to bai san hoto ba. Wata uku ke nan da ya sayi kyamara, amma in ka ji yana bayani sai ka rantse shi ya ƙirƙiro haske. Ya ɗinka riga mai aljihu goma sha biyu, tara babu komai a ciki. Ko cefane ya fita, kyamarar na rataye a wuya. 'Yan'uwansa suna ce masa Gwani a gabansa, a bayan idonsa kuwa Kar-a-motsa.

To, sai ga ranar nuna gwaninta ta zo. Inna, mahaifiyarsu, ta tsufa, Gwani kaɗai ke zaune da ita, kuma shekara goma sha ɗaya rabon da 'ya'yanta bakwai su haɗu a ɗaki guda. Ranar sun haɗu, auta kuma jirginsa zai tashi da yamma. Abu ɗaya ta roƙa: hoto, ita a tsakiya su kewaye da ita, a rataya mata inda za ta riƙa gani daga gado. Babbar yaya ta ce a kira mai hoton bakin titi. Gwani ya yi murmushin tausayi.

"Yaya, kurakuran 'yan koyo uku ne," in ji shi. "Su sa mutum ya ba rana baya, su yanke masa kai, su bar hannu yana rawa. Ni tun satin farko na wuce nan."

Sau huɗu aka ɗaga kujerar Inna. Aka cire labule, aka sauke agogon bango, aka sa wansu ya tuɓe hula wai tana shan haske. Auta sai duba lokaci yake yi. Gwani ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya leƙa, ya ƙirga 'ya'ya shida, sai ya tuna na bakwai shi ne. Hoto ba Gwani ai miya ce ba gishiri. Ya saita ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, ya ruga. An bar masa wuri a baya, amma ina aka taɓa ajiye gwani a baya? Ya tsaya gaba, ya buɗe ƙirji, kyamara ta ɗauka.

Yaya ta roƙe shi ya duba, ko ya ƙara ɗaya.

"Ɗan koyo ne ke duba abin da ya ɗauka," ya ce, ya rufe kyamara. Auta ya ɗauki jaka ya tafi.

Bayan kwana uku aka wanko hoton. Ita kyamara ba ta san uwa ba, wanda ya fi kusa ta kama. Gwani ya fito tangararan, har aljihunansa ana iya ƙirgawa. Sauran shida kamar hayaƙi. Inna kuwa gefen gyalenta kawai ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. Ran yaya ya ɓaci ƙwarai, don ta san haɗuwa irin wannan ba lallai ta sake samuwa ba. Gwani ya ce ai haka manyan masana ke yi, su bar baya ya yi laushi.

Inna ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Rataya shi, ɗana, Allah ya yi albarka," ta ce. "Dama kai da nake gani safe da yamma, kai ne nake tsoron in manta kamanninka."