Yadda Na Durƙusar da Alhaji a Gaban Tashar Kwali

A zamaninmu, idan dattijo ya ajiye aiki ya san inda zai nufa: ko gona, ko tabarmar ƙofar gida inda za a yi ta kawo masa gaisuwa da ƙararrakin maƙwabta. A nan Amurka kuwa ɗakin ƙasa yake nufa, wanda ake haƙawa a ƙarƙashin gida, kusa da injin wanki. Can na nufa ni ma da na yi ritaya daga gidan rediyo, kuma abin da ya same ni a can, ko sunan unguwarmu na manta, shi kam ba zan taɓa mantawa da shi ba.

Allah ya yi ni da yawo, kuma duk birnin da na sauka sai na shiga jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Na Landan ramin gafiya ne, matsattse. Na Faris farin tangaram ne ko'ina, kamar banɗakin asibiti. Na Alƙahira ba kai kake shiga ba, shigar da kai ake yi. Amma tashar Washington da na yi shekaru ina sauka a cikinta in tafi aiki, ita ce ta zauna mini a rai, da doguwar rumfarta ta siminti mai ramuka-ramuka, kamar an kifa wa mutane tandar waina. Da na daina zuwa sai kewarta ta kama ni, na ce bari in gina tawa a gidana na Fort Washington.

Ga dabarar. A cikin akwati na gina ta, wanda bai wuce kamu biyu ba, amma kana so ido ya ga tasha mai nisan gaske. To sai ka yi wa ido wayo. Layin dogo ya riƙa tsukewa yana tafiya, ramukan rufi da na yanka da kwali su riƙa ƙanƙancewa. Fasinjojin roba na bakin akwati tsawon ɗan yatsa, na tsakiya kamar ƙwayar wake, na ƙurya kamar shinkafa. Sai dai wayon ba ya ci sai ta wuri guda, wata 'yar ƙofa da na huda a gaban akwatin. Ta nan, wallahi har iskar jirgi za ka ji. Ta ko'ina ban da nan, aikin mai taɓin hankali ne, komai a karkace.

(Tun ina yaro ban iya aikin hannu a kan kujera ba. A ƙasa nake zama in miƙe ƙafa, akwatin na kan wani gajeren tebur, na kuma huda ƙofar daidai idona ina zaune. Ban tsaya na tambayi kaina yadda wani zai leƙa ba.)

Ana cikin haka ɗana Nazifi ya ga yarinya, Hadiza, 'yar Alhaji Mamman Sani, mutumin Damagaram mai kantin kayan abinci a Wheaton. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba a cika ganin haƙoransa ba. Muka je muka nema wa Nazifi aurenta, Alhaji ya ce zai yi tunani. Damuwarsa ba ɓoyayyiya ba ce: yaron a nan Amurka aka haife shi, ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, wa ya san tarbiyyarsa? A gida, gwaggwanni da maƙwabta ke yin bincike a asirce. A nan babu su, don haka ya aiko cewa shi da ƙanensa Issufu za su zo ran Lahadi su ga gidan da idonsu.

Da safen ranar, maiɗakina Hajiya Rabi ta tare ni a bakin matakala.

"Malam, don girman Allah, yau kada ka ambaci jirgin nan. Ko da wasa."

"Haba Hajiya, yaro ne ni?"

"Da yaro ne da na kulle ɗakin na ɓoye makulli."

Saboda warin fenti da gam da ke hawowa sama, ta kai kaskon turaren wuta ta ajiye a gefen akwatin. Ni kuma na yafa masa baƙin mayafin da nake rufe shi da shi saboda ƙura. Muka ɗauka mun yi dabara.

Baƙi suka iso, aka ci abinci. Alhaji na cikin shuɗiyar babbar riga da farar hula, yana jefa wa Nazifi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yaron na ta kokawa da Hausa, gumi na keto masa. Duk amsar da ya bayar, abu ɗaya Alhaji ke cewa, kalmar nan ta Faransanci da mutanen Nijar ba sa rabuwa da ita: "Bon." Na yi shekaru ina jin Faransanci, amma ban iya gane wannan bon na yabo ne ko na Allah ya kyauta ba.

La'asar ta yi. Issufu ya shiga banɗakin sama don alwala, na tafi ɗauko dardumai. Da na dawo ban ga Alhaji ba.

"Ina yake?"

"Na nuna masa banɗakin ƙasa, Baba," in ji Nazifi.

Ban san lokacin da na sauka matakalar ba. Na tarar da shi tsaye, hannuwan riga a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. A lokacin ne na ga ɗakin da idon baƙo. Ga duhu. Ga hayaƙin turare na tashi. Ga wani abu lulluɓe da baƙin ƙyalle. A kan teburin gefe kuma ga 'yan mutanen da na yi wa fenti ban liƙa ba tukuna, kowanne na soke shi da allura na kafa a jikin soso don ya bushe. Na gaban cikinsu, wanda na fi ji da shi, na zana masa shuɗiyar babbar riga da farar hula.

Alhaji ya dube shi, ya dubi rigar jikinsa.

"Bon," ya ce a hankali. "Malam, wannan wane ne?"

Harsuna huɗu nake ji, amma a lokacin duk suka watse suka bar ni.

"Fasinja ne, Alhaji."

"Fasinja. Da allura a jikinsa."

"Don ya bushe ne."

Na ji abin da bakina ya faɗa, na so ƙasa ta tsage. Na yi sauri na yaye mayafin, ina cewa tasha ce, tashar jirgi ce kawai, aikin ritaya. Ya leƙa ta sama, inda komai ke a karkace.

"Malam, kullum ina shiga jirgin nan. Ban taɓa ganin tashar da mutum ya fi jirgi tsawo ba." Ya warware hannun riga, ya ɗaga murya. "Issufu! Ɗauko makullin mota. Ma yi salla a hanya."

Na hango fuskar Nazifi idan aka gaya masa ubansa ya kashe masa aure da 'yan tsana. Na sha gaban Alhaji.

"Don Allah, don Annabi, ka leƙa ta 'yar ƙofar nan sau ɗaya. In ka leƙa ka ce tafiya za ka yi, ni zan buɗe maka mota."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli ƙofar, wadda ba ta kai masa ko ƙugu ba. Ya sunkuya, bai kai ba. Ya ƙara sunkuyawa, bai kai ba. Sai ya tattare riga, ya dafa tebur, ya sauke gwiwoyinsa ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana nishi.

Ni kuwa hankalina na kan wuta. Ban gama haɗa makunnin fitilun ba, sai an riƙe wayoyi biyu an haɗa bakinsu. Na zagaya bayan akwatin, na miƙe tsaye, na haɗa su. Tasha ta haskaka. Har na fara murmushi.

"Innalillahi! Yaya!"

Issufu ne a kan matakala, Nazifi da Hajiya Rabi a bayansa. Abin da suka gani ke nan: uban yarinya, dattijo mai furfura, durƙushe a kan gwiwoyinsa, kansa a sunkuye, ni kuma uban yaro, mai nema, na tsaya ƙerere a kansa ina washe baki.

"Mu muka zo roƙo ne?" in ji Issufu. "Ko a gaban gwamna ban taɓa ganin gwiwar yayana a ƙasa ba!"

Na saki wayoyin na zube a kan gwiwoyina. Sai na ga har yanzu na fi shi tsawo, don shi ya duƙar da kai. Na ƙara yin ƙasa. Na ƙara. Ban tsaya ba sai da ƙirjina ya taɓa siminti, hulata ta gangara ƙarƙashin injin wanki. Alhaji ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. Muka zauna a haka, tsofaffi biyu a ƙasa, babu mai iya duban wani. Hajiya Rabi ta rufe fuska da mayafi. Ina jin ƙarar makullin mota a hannun Issufu.

Can sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"Wa ya ce a kashe wutar? Ban gama gani ba."

"Alhaji," na ce daga inda nake kwance, "ba zan iya sake tsayawa a kanka ba."

"To kai, yaro, zo ka riƙe."

Nazifi ya sauko. Tun daga gindin matakala ya cire takalmi. Ya zagaya bayan akwatin, ya tsuguna har ƙasa, ya miƙa hannuwansa sama da kansa yana lalube har ya kamo wayoyin, ya haɗa su ba tare da ya ɗago ba. Babu wanda ya ce masa ya yi haka. Fitilun na ƙyaftawa, amma bai tashi ba.

Alhaji ya sa ido a ƙofar ya leƙa son ransa. Da ya janye, ba akwatin ya kalla ba, yaron ya kalla.

"Bon," ya ce. "Issufu, mayar da makullin aljihu. Uban dai sai addu'a, amma ɗan ya san girman mutane. Na ba shi. Ku zo ku ɗaga ni, salla na wucewa."

Sai da su biyu suka kama shi. Ni babu wanda ya tuna da ni, da kaina na rarrafa na tashi.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Kafin nan Issufu ya riga ya kai labarin duk inda Bahaushe ke zama a jiharmu ta Maryland, kuma a bakinsa har kuka na yi. Abin da na koya bai da yawa: in za ka gina abin kallo, ka auna shi da tsayin baƙonka, ba da zamanka ba. Na sa kafinta ya ƙara wa teburin ƙafafu. Amma bashin gwiwar nan ya hau kaina har abada. Tun daga ranar ban sake gaishe da Alhaji a tsaye ba, ko a masallaci, ko a tsakiyar kantinsa, kuma bai taɓa ce mini in tashi da wuri ba.